ZAFIN BAZARA DA CUTAR SHANYEWAR ƁARIN JIKI

Wannan jawabi ne da aka tsara domin a karanta wa jama'a a azuzuwan yaƙi da jahilci, da majalisun unguwa, da tarukan mata na cikin gida a Sakkwato da kewaye. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

 

Mutumin Sakkwato ba ya bukatar a ba shi labarin zafi. Daga watan Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 a cikin gari. Ruwan randa yakan yi ɗumi. Ɗakin kwano yakan zama kamar tanderu. Da azahar ta yi, ko a Kasuwar Kara mutane sai su ragu, kowa ya nemi inuwa. Jama'a sun saba da wannan, har wasu suna cewa zafi ba ya kashe ɗan Sakkwato. To, jawabin yau zai nuna cewa zafi yana kayar da mutum, musamman tsoho da mai hawan jini. Zai kuma bayyana abin da ya kamata a yi idan hakan ta faru.

Abin da ya faru a maƙwabta

A ƙarshen watan Maris da farkon Afrilu na shekarar 2024, an yi wani matsanancin zafi a ƙasashen yankin Sahel. A garin Kayes na ƙasar Mali, zafi ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. A babban birninsu Bamako, asibitin Gabriel Toure ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a cikin kwana huɗu na farkon watan. A shekarar 2023 kuwa, mutum 130 ne suka mutu a asibitin a dukan watan Afrilu. Wajen rabin waɗanda suka rasu a waɗannan kwanaki huɗu sun haura shekara 60. Ana cikin azumi a lokacin, ga kuma ɗaukewar wutar lantarki.

A watan Yuni na shekarar 2024, zafi ya wuce digiri 51 a Makka lokacin aikin Hajji. Hukumomin Saudiyya sun ce alhazai fiye da 1,300 ne suka rasu. Ko ƙasashen Turawa masu manyan asibitoci ba su tsira ba. A shekarar 2003, zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a ƙasar Faransa, mafi yawansu tsofaffi.

Yanayin Mali bai da wani bambanci mai yawa da na Sakkwato. Masana yanayi kuma sun ce duniya tana ƙara ɗumama. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mece ce shanyewar ɓarin jiki?

Ƙwaƙwalwa ita ce mai ba da umurni a jikin mutum. Ita ke sa hannu ya ɗaga, ƙafa ta taka, harshe ya yi magana. Abincinta kuwa jini ne. Jini yana zuwa mata ta ƙananan jijiyoyi, kamar yadda ruwa yake bin kwalbati ya shiga fangalin albasa a fadama. Idan aka toshe hanyar ruwa, fangalin da ke ƙarshenta sai ya bushe. Haka abin yake a cikin kai. Idan jini ya daina zuwa wani sashe na ƙwaƙwalwa, wannan sashe yakan fara mutuwa cikin 'yan mintoci. Gaɓar da sashen yake juyawa sai ta daina aiki.

Cutar iri biyu ce. Akwai wadda gudan jini ne yake toshe jijiya. Akwai kuma wadda jijiyar ce take fashewa, jini ya malala a cikin kai. Daga waje duk kama ɗaya suke. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a babban asibiti sannan likita yake tabbatar da wace iri ce. Maganin wannan daban, na waccan daban.

A ƙauyuka da yawa, idan mutum ya faɗi, bakinsa ya karkace, sai a ce iska ce ta buge shi, ko kuwa jifa aka yi masa. Sai a kulle shi a ɗaki ana turare, har kwana biyu ko uku. A cikin waɗannan kwanaki ɓarnar takan ƙaru. Addu'a abu ne mai kyau, ba wanda ya hana ta. Amma ana iya yin ta a cikin mota, a kan hanyar asibiti.

Babban mai jawo wannan cuta shi ne hawan jini. Likitocin Nijeriya da na Gana sun yi wani babban bincike, da asibitocin Kano da Zariya a ciki, suka fitar da sakamakonsa a shekarar 2018. Sun gano cewa hawan jini yana da hannu a kusan tara cikin goma na masu wannan cuta. Sun kuma ambaci ciwon sukari, da ƙara gishiri a abinci, da yawan cin nama, da rashin cin ganye, da yawan damuwa. Abin tsoro da hawan jini shi ne sau da yawa ba ya ciwo. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, bai san yana ɗauke da shi ba.

Ina ruwan zafi da wannan cuta?

Idan zafi ya yi yawa, jiki yakan nemi hanyar huce kansa. Hanyar ita ce gumi. Mai aiki a cikin rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya a cikin awa guda. Wannan ruwa daga cikin jini yake fita. Idan mutum bai sha wani ya mayar ba, jininsa sai ya yi kauri, kamar kunun da ya daɗe a kan wuta. Jini mai kauri ya fi saurin yin guda. Idan gudan ya tarar da jijiyar da hawan jini ko ciwon sukari ya riga ya ƙuntata, sai ya toshe ta.

Bayan wannan, a lokacin zafi jiki yakan tura jini mai yawa zuwa fata domin ya huce. Zuciya sai ta ƙara gudu. Zuciyar saurayi takan jure. Ta tsoho kuwa takan gaji, jinin da ke hawa kai ya ragu. Shi ya sa wasu tsofaffi suke ganin jiri idan sun miƙe tsaye da sauri.

Zafin dare ma yana da nasa haɗari. Da dare ne jiki ya kamata ya huta. Idan ɗaki bai huce ba, barci ba ya yiwuwa, zuciya kuma ba ta samun sauƙi. A garin Augsburg na ƙasar Jamus, likitoci sun duba bayanan masu wannan cuta fiye da 11,000 na tsawon shekara 15. Sakamakon da suka fitar a 2024 ya nuna cewa cutar ta fi aukuwa bayan daren da aka yi tsananin zafi, musamman ga tsofaffi da mata. Kowa ya san yadda daren Afrilu yake a ɗakin kwano idan babu wuta.

Wannan ne ya sa asibitoci a ƙasashe da yawa suke ganin ƙaruwar masu kwanciya idan zafi ya jera kwanaki. Ana kawo masu ciwon zuciya, da masu ciwon ƙoda, da waɗanda ruwan jikinsu ya ƙare. A ƙasar Hausa kuma bazara lokaci ne na sanƙarau da ƙyanda. Dattawa ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, an kuma sake ganin ta a Zamfara da Sakkwato a 2017. Saboda haka lokacin da tsoho ya fi bukatar gado a asibiti, shi ne lokacin da masu neman gado suka fi yawa. Gara a kiyaye tun daga gida.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Na farko tsofaffi. Jikin tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa. Yana iya wuni bai nemi ruwa ba, alhali jikinsa yana bukata.

Na biyu masu hawan jini, da masu ciwon sukari, da masu ciwon zuciya ko ƙoda, da wanda cutar ta taɓa kama shi a baya.

Na uku masu aiki a cikin rana. Akwai manoman rani na fadamar Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo. Akwai 'yan ga-ruwa, da 'yan dako, da leburorin gini, da 'yan kabu-kabu, da makiyaya.

Na huɗu matan da ke girki a kan murhu cikin rufaffen madafi, ga zafin wuta ga na rana. Haka nan masu juna biyu, da masu jego.

Cuta biyu da ake rikitawa

A lokacin bazara mutum yana iya faɗuwa saboda ɗaya daga cikin abu biyu. Wajibi ne a san bambancinsu.

Na ɗaya shi ne bugun zafi. Wannan yana faruwa idan jiki ya kasa huce kansa. Jikin mutum zai yi zafi ƙwarai kamar garwashi. Zai ruɗe, ya riƙa sambatu, ko ya suma. Wani yakan yi amai ko jijjiga. Abin yi shi ne a kai shi inuwa nan take. A rage masa tufafi. A riƙa zuba masa ruwa mai sanyi a dukan jiki, ana yi masa fifita. A sa jiƙaƙƙen zane a wuya, da hammata, da matsematsi. Kada a daina sanyaya shi har a isa asibiti.

Na biyu ita ce shanyewar ɓarin jiki. Alamominta sukan zo farat ɗaya, kuma yawanci a gefe guda. Ga gwaji uku da kowa zai iya yi, ko bai taɓa shiga aji ba.

Fuska: a ce masa ya yi murmushi. Idan gefe ɗaya na baki ya zube, alama ce.

Hannu: a ce ya ɗaga hannu biyu sama. Idan ɗaya ya kasa tashi, ko ya sauka da kansa, alama ce.

Magana: a ce ya faɗi sunansa da sunan garinsu. Idan harshe ya yi nauyi, ko maganar ta harɗe, ko bai gane abin da ake faɗa masa ba, alama ce.

Wani kuma gani ne yake ɗauke masa, ko ya kasa tsayuwa, ko ya ji ciwon kai mai tsanani wanda bai taɓa jin irinsa ba. Ko alama ɗaya aka gani, ta isa a nemi mota.

Wani lokaci alamar takan zo ta tafi cikin 'yan mintoci. Hannu ya mutu, can kuma ya dawo. Sai mutum ya ce ai rana ce, ya ci gaba da harkarsa. Wannan gargaɗi ne. Babbar tana iya biyo baya cikin kwana ɗaya ko biyu. A je asibiti a ranar, ko da an ji garau.

Idan an rasa gane wace ce daga cikin biyun, a taɓa jikinsa. In da zafi ƙwarai a sanyaya shi, sannan a kai shi asibiti. Duka biyun maganinsu yana can. Idan kuma akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a tuna da sanƙarau, shi ma ba ya jira.

Abin da za a yi kafin a isa asibiti

A kwantar da shi a gefensa, domin kada yawu ko amai ya shaƙe shi. A sassauta masa wuyan riga. A sa mutane su ja baya ya sami iska.

Kada a ɗura masa ruwa, ko fura, ko jiƙo, ko wani abin sha. Cutar takan taɓa maƙogwaro. Abin da aka ɗura yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, ya zama ajali. Wannan kuskure ne da ake yi saboda tausayi.

Kada a ba shi ƙwayar magani daga kemis ko daga mai talla. Akwai ƙwayar da ke tsinka jini. Idan jijiya ce ta fashe, wannan ƙwaya za ta ƙara zubar jinin. Kada a yi masa tsaga ko ƙaho.

A lura da lokacin da abin ya fara. In babu agogo, a riƙe cewa bayan azahar ne, ko kafin la'asar. Likita zai tambaya, domin akwai maganin narkar da gudan jini wanda, a inda ake da shi, ba a bayar da shi sai a cikin awa huɗu da rabi na farko. A tafi da duk magungunan da yake sha, da katinsa na asibiti.

A cikin birnin Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai kuma Asibitin Ƙwararru. Mutanen ƙauye su fara da babban asibitin da ya fi kusa da su, kamar na hedikwatar ƙaramar hukuma. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda a wuce gaba. Kada a ce sai gari ya waye, ko sai maigida ya dawo daga kasuwa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Yana da kyau kowane ƙauye ya san motar da za a nema da tsakar dare, da lambar wayar direbanta. Ƙungiyoyin manoma da na mata masu adashi suna iya ware wani abu domin kuɗin mai. Sau da yawa neman mota da neman kuɗi ne suke cinye awoyin da ake bukata.

Rigakafi ya fi magani

A auna jini kafin zafi ya kankama. Awon ba ya ciwo, ba ya ɗaukar minti biyar, ana yin sa a ƙananan asibitoci. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to akwai hawan jini. Duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa aunawa ko yana jin lafiya lau. Ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da hawan jini ta duniya, ta kuwa faɗo a cikin bazara.

Wanda aka ɗora a kan magani ya riƙa sha kullum. Maganin hawan jini yana danne cutar ne, ba ya raba mutum da ita. Idan aka daina, sai ta dawo. Akwai irin da ke sa yawan fitsari. Mai shan irin wannan, idan yana ganin jiri a lokacin zafi, ya koma wurin likita a duba. Kada ya rage ko ya daina da kansa. A ajiye magani a inuwa, domin zafi yana ɓata shi.

A sha ruwa kafin a ji ƙishirwa. Fitsari shi ne ma'auni. Idan ya yi ja kuma ya yi kaɗan, ruwa bai isa ba. Idan ya yi haske, to madalla. A ajiye wa tsoho butar ruwa kusa da shimfiɗarsa, a sa jika ya riƙa tuna masa. Kankana, da kunu, da fura mai ruwa-ruwa duk suna taimakawa. Amma wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ya bi maganar likitansa.

A canza lokacin aiki. Ban ruwa, da sharar gona, da kai taki, a yi su da sassafe ko da yamma. Daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 4 a nemi gindin dogon yaro. A sa malafa da tufafi masu haske marasa nauyi. Mata su fitar da murhu inda iska take bugawa.

Da dare a buɗe tagogi, ko a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro. A watsa ruwa kafin a kwanta. A sa tsofaffi a ɗakin da ya fi sanyi. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba. Mai ɗakin kwano yana iya yi masa sili, ko ya dasa itace a gefen da rana take bugawa.

A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a wuni kada ya kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin abinci. A yawaita zogale, da rama, da alayyafo, da yakuwa. Mai shan taba ya daina.

Game da azumi, na shekarun 2023 da 2024 ya faɗo a cikin Maris da Afrilu. Mai azumi a lokacin zafi ya riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan daga buɗa-baki har sahur. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ga likita kafin wata ya kama, domin a gyara masa lokutan shan magani. Addini ya yi rangwame ga maras lafiya. Wanda yake shakka ya tambayi malaminsa. Maniyyata aikin Hajji su ma su auna jininsu, su riƙe lema da gorar ruwa.

A riƙa sauraron rediyo. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, takan yi gargaɗi idan ana sa ran zafi mai tsanani. Wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa.

Bayan an dawo gida

Wanda cutar ta kama ba a fid da rai da shi. Da yawa sukan koma tafiya, wasu har su koma gona. Abin da ake bukata shi ne haƙuri da motsa gaɓoɓi kullum, yadda ma'aikatan sashen gashi na asibiti suka nuna. Wanda ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi bayan kowace awa biyu, domin kada bayansa ya yi gyambo. Gumi yana sa gyambo saurin fitowa, saboda haka a riƙa goge masa jiki, a canza shimfiɗa. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci. A riƙa yi masa hira ko da ba ya iya amsawa. Kada a daina maganin hawan jini, domin cutar tana iya dawowa.

Jama'a, bazara ita ce ƙofar damina. Magidancin da ya faɗi a watan Afrilu, gonarsa ce za ta kwana ba shuka a watan Yuni. Tumaki da buhunan gero za su tafi wajen jinya. Uwar da ta faɗi, gida duka ne ya faɗi. Awon jini na minti biyar da butar ruwa sun fi wannan araha.

Saboda haka ana roƙon kowane ɗalibi na ajin yaƙi da jahilci ya yi abu uku a cikin wannan wata. Ya kai tsoho ɗaya na gidansu a auna jininsa. Ya koya wa mutum biyar gwajin fuska da hannu da magana. Ya rubuta lambar wayar mai mota a bangon zaure, inda kowa zai gani. Ana kuma roƙon masu unguwanni da limamai su yi wa jama'a tuni a masallatai da wuraren suna da ɗaurin aure.

Lafiya uwar jiki. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kawo damina mai albarka, amin.